Ku Tambaya Mu Amsa: 15 ga Janairu, tattabarun Abuja da kakan da bai dawo daga Boma ba

Jama'a salamu alaikum. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk abu ɗaya suke tambaya, maganar ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tunda an fara ganin manya da ɗan jan tambarin nan maƙale a ƙirjin babbar riga. Na tsinci wasu daga ciki, masu tambayar kuɗin makaranta da na rikicin haya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne, me ya sa sai 15 ga Janairu? Ranar da sojoji suka kashe mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa ita ce kuma aka mayar ranar karrama sojoji? Ko dai da gangan aka yi don a ci mana fuska? Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Ƙanina ba kai kaɗai ba ne, ni kaina ina yaro haka na ɗauka. Amma abubuwa biyu ne suka faɗo rana ɗaya, shekara huɗu tsakaninsu, kuma na biyun ne aka yi ranar dominsa.

Da can Najeriya 11 ga Nuwamba take yi, irin na Ingila da sauran ƙasashen da ta mulka, saboda ranar ce aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na ɗaya a 1918. Sai aka yi yaƙin basasa, wanda ya ɓarke 6 ga Yuli 1967 ya ɗauki wata talatin ana zubar da jini. Da ƙarfin Biyafara ya ƙare Ojukwu ya hau jirgi ya tafi Kodebuwa ya bar wa mataimakinsa Philip Effiong ragama, shi kuma ya yi jawabi a rediyo ranar 12 ga Janairu 1970 ya ce a ajiye makamai, sannan ranar 15 ga wata ya zo barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya a gaban Janar Yakubu Gowon. Daga nan ne maganar nan ta Gowon ta fito cewa ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci da yaƙi. Toh wannan ranar ce aka ɗauka, aka bar ta Turawa.

Amma fa ba zan ce maka zafin da kake ji ba shi da tushe ba. Daren 15 ga Janairu 1966, cikin azumi, su Manjo Nzeogwu suka afka gidan Sardauna a Kaduna suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu, a Legas aka ɗauke Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Okotie-Eboh, a Ibadan aka kashe Akintola. Abin da mutane ke yawan mantawa, a daren nan sojoji ma an kashe su, kuma manya. Birgediya Zakariya Maimalari, wanda barikin Maiduguri ke ɗauke da sunansa, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam mutumin Jos, da Birgediya Ademulegun da aka harbe shi da matarsa a ɗakinsu a Kaduna, da Kanar Shodeinde, da Laftanar Kanar Unegbe wanda shi Ibo ne ma. Kaga kenan ko ta wannan fuskar ka duba, ranar akwai sojojin da suka faɗi a cikinta, kuma abokan aikinsu ne suka harbe su. Ni abin da ya fi damuna ma, duk shekarun da nake kallon faretin nan ban taɓa jin an tsaya an karanto sunayen mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ba.

Tambaya: Wai mene ne ma ake yi a ranar? Ni dai tattabaru kawai nake gani a talabijin, kuma an ce akwai shekarar da suka ƙi tashi. Daga wata mai karatu, Gombe.

Amsa: Hajiya tattabarun su ne ƙarshe, abin yana farawa tun makonni kafin nan. Shugaban ƙasa yakan ƙaddamar da tambarin nan ja a fadarsa, gwamnoni su yi nasu a jihohi, a buɗe asusun neman taimako, manya su yi ta alƙawarin miliyoyi a gaban kyamara. Kuɗin an ce na tsofaffin sojoji ne da nakasassu da iyalan waɗanda suka rasu, kuma ƙungiyar 'yan mazan jiya da ake kira Lijan, wadda aka kafa a 1964, ita ke gaba wajen sayar da tambarin. Juma'ar da ke kafin ranar a yi addu'a ta musamman a Masallacin Ƙasa, Lahadi a yi a babban cocin ƙasa, duk a Abuja.

Ranar sha biyar ɗin kuma sai a taru a dandalin da ke gaban ginin majalisa, wajen mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba. Sojan ƙasa da na ruwa da na sama su ja layi, tsofaffin Lijan ma su ja nasu, shugaban ƙasa ya zagaya ya duba fareti, limami da fasto su yi addu'a, a busa bigila, a yi shiru na minti ɗaya. Sai ajiye furanni bi da bi, shugaban ƙasa, mataimakinsa, shugaban majalisar dattawa, kakakin majalisar wakilai, alƙalin alƙalai, ministan tsaro, manyan hafsoshi, sufeton 'yan sanda, shugaban Lijan, sai can wajen ƙarshe a kira mace ɗaya ta wakilci matan da mazajensu suka mutu a bakin aiki. In kina kallo ki lura da ita, yawanci ita kaɗai ce a wurin ba ta saba da jan kafet ba, tafiyar ma daban take. Bayan nan a harba bindiga, shugaban ƙasa ya sa hannu a rajista, ya buɗe kejin fararen tattabaru alamar zaman lafiya.

Eh kuma gaskiya ne, a 2021 Buhari ya buɗe kejin tattabarun suka yi zamansu, har ya ɗauko ɗaya ya cilla sama ta dawo ta sauka. Ranar Facebook da Twitter ba irin fassarar da ba a yi ba. Ni da na yi kiwon tattabaru ina yaro, har na sha bulala a kansu, zan gaya miki tattabarar da aka kulle aka kawo ta baƙon wuri, ga ƙarar bindiga ga jama'a, ba inda za ta. Su masu fassara dai sun samu abin yi.

Tambaya: Duk watan Nuwamba sai in ga 'yan ƙwallon Ingila da jan fure a gaban rigarsu, kuma ana yin shiru kafin a take wasa. Meye haɗinsa da namu? Daga mai gidan kallo, Zariya.

Amsa: Uwa ɗaya uba ɗaya ne. Furen sunansa popi, shi ne ya riƙa tsirowa a filayen daga na Beljiyam da arewacin Faransa bayan igwa ta tone ƙasar ta cika da gawarwaki, sai jan nasa ya zama alamar jinin da ya zuba. An tsagaita wutar ne ƙarfe 11 na safe, ranar 11 ga watan 11 na 1918, shi ya sa tun 1919 suke yin shiru na minti biyu daidai wannan lokacin, kuma Lahadi ta biyu a Nuwamba sarkinsu ke ajiye furanni a Landan. Maganar sojan da ba a san sunansa ba ma daga can ta zo, a 1920 Ingila ta ɗauko gawar wani soja daga filin daga da ba a iya gane ko wane ne ba, ta binne shi a cocin Westminster inda aka binne sarakuna da dama, don duk uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba ta ce wataƙila nawa ne. Faransa ma ta yi nata a Faris. Amurka kuwa Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu take tuna nata matattun. Tambarin da manyanmu ke maƙalawa jikan wancan furen ne, in ka dube shi da kyau za ka gani.

Tambaya: Malam kakana na wajen uwa an ɗauke shi soja zamanin yaƙin Hitila, an ce Boma aka kai su, bai dawo ba. Kakarmu har ta rasu tana ajiye da wani ƙaramin kwanon shansa. Shin irinsu suna cikin waɗanda ake tunawa? Kuma akwai yadda za a yi mu san inda aka binne shi? Daga wani jika, Katsina.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya jiƙan kakarku da ta yi wannan dogon jira. Suna ciki, a ƙa'ida ranar ta haɗa waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da yaƙin basasa, da aikin kiyaye zaman lafiya irin na Kwango a farkon shekarun 1960 da Laberiya da Saliyo da Darfur, har zuwa yaran da ke faɗuwa yau a Borno da Zamfara. Asalin kalmar 'yan mazan jiya ma ai su kakan naka ake nufi.

Boma ita ce ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, kuma ba Jamus suka yaƙa a can ba, Japan ce. Turawa sun haɗa runduna biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, mutanen Najeriya da Gwalkwas wato Gana ta yanzu da Saliyo da Gambiya, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943 da 1944, daga can aka shiga da su dajin Arakan da kwarin kogin Kaladan. Daji ne mai duhu da tsaunuka da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, mota ba ta shiga, don haka da yawa daga cikin mutanenmu aikinsu dako ne, harsashi da abinci da sassan igwa duk a ka, sauran kayan kuma jirgin sama ke jefo musu. Zazzaɓi da atuni sun ci mutane ba kaɗan ba, ban da harsashi. Kuma harshen da ake ba da oda da shi a bataliyoyin Najeriya Hausa ce, har Turawan hafsoshi sai sun koya. Kafin Boma ma an kai wasu gabashin Afirka sun yaƙi Italiya, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a 1941.

In kana son ka ga inda aka ajiye tarihin nan, duba sunayen barikokinmu. Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, duk sunayen wurare ne a Boma. Chindit ta Zariya inda ake horar da kurata, sunan wata runduna ce da ke shiga bayan layin Japanawa, kuma akwai bataliyoyin Najeriya a cikinta a 1944. Mutum zai yi shekara ashirin yana wucewa ta ƙofar barikin a kan mashin bai san sunan dajin da kakansa ya kwanta ba ne.

A unguwarmu akwai wani tsoho da ya je ya dawo. Kullum yana bakin zaure a kan buzu yana gyaran rediyon da ba ta gyaruwa, amma duk shekara in ranar ta zo sai ya fito da kakinsa da aka goge da dutsen guga na gawayi har yana ƙyalli, wandon ya yi masa yawa saboda tsufa ya ci jikin, ya ɗaure da igiya a ciki, ga mindodi uku a ƙirji da ya kwana yana gogewa da toka da lemon tsami. Mu yara mu bi shi muna lef-rai lef-rai muna dariya. Wata rana ya tsaya ya juyo, muka zata duka ne, sai kawai ya fara kiran sunaye, wane mutumin Haɗeja, wane mutumin Bici, wane Babarbare, ya kira kusan goma yana lanƙwasa yatsu, ya ce duk a can muka baro su, sannan ya juya ya ci gaba da tafiyarsa. Ban sake bin sa da dariya ba, amma kuma wallahi ko suna ɗaya ban riƙe ba, abin yana cina har yau.

Maganar kabari kuma, akwai hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, tana da rumbun sunaye a intanet da kowa zai iya bincikawa kyauta. A Taukkyan kusa da birnin Yangon akwai babbar maƙabartar sojoji, a tsakiyarta akwai ginshiƙai da aka rubuta sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Sai dai ka sani, lokacin ɗaukar soja ba a cika rubuta sunan uba ba, sunan mutum da garinsu ake haɗawa, don haka ka nemi sunansa haɗe da Katsina ko sunan ƙauyenku, kuma ka gwada rubutu iri-iri don Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Matsalar ita ce za ka iya samun mutum biyar masu suna ɗaya, abin da ke raba gardama lambar soja ce, ku bincika tsofaffin akwatuna ko akwai wata takarda ko minda, wasu mindodin akan buga lamba a jikinsu. Na yaƙin duniya na biyu an fi samunsu. Na farkon ne abin takaici, a 2021 binciken ita hukumar da kanta ya nuna aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, har sakataren tsaron Ingila Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa. Su sojansu guda ɗaya suka binne ba suna don girmamawa, mu namu dubbai ne, kuma ba don fuska ta ɓace ba, don ba wanda ya ga ya kamata ya rubuta.

Tambaya: Ya halatta Musulmi ya tsaya shiru ko ya ajiye fure a gaban mutum-mutumi? Daga wani ɗan'uwa, Maraɗi.

Amsa: Malam fatawa ta malamai ce, kuma sun yi magana, da yawa ba sa son ajiye fure da tsayuwa gaban gunki saboda al'ada ce da aka aro, wasu kuma na kallonsa a matsayin tsarin aikin gwamnati da ba ibada ake nufi da shi ba. Abin da ba saɓani a kai shi ne addu'a da ziyara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ziyarci shahidan Uhudu ya yi musu addu'a, su kusan saba'in har da baffansa Hamza. Sannan da labarin shahadar Ja'afar ya iso daga Mu'uta, cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci don abin da ya shagaltar da su ya same su. Ni in minti ɗayan nan ya zo, addu'a nake yi a zuciyata. Ku ma can Nijar ai kun ga irin wannan rana, Disamban 2019 da aka kashe sojoji 71 a Inates aka yi makokin kwana uku.

Tambaya: Malam ni mijina soja ne, ya rasu a bakin aiki a arewa maso gabas, ya bar ni da yara uku. Duk shekara ina ganin ana ajiye fure a talabijin sai in kashe. Na yi ta zirga-zirga ofis-ofis ana ce min fayil bai iso ba, daga baya aka ce sunan yayansa ne a takardar magaji tun kafin ya aure ni, kuma mun bar gidan bariki. Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa, ba ta faɗi gari ba.

Amsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari, kuma ba wanda zai ga laifinki don kin kashe talabijin.

Kukan nan naki ya girme mu duka. A Gana ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka yi maci zuwa fadar gwamna a Akara don neman haƙƙinsu, wani Baturen ɗan sanda ya buɗe wuta ya kashe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, har yau duk shekara ana tuna su a wurin. A Senegal ma Disamban 1944 sojojin Faransa suka harbe sojojin Afirka a sansanin Thiaroye kan sun nemi kuɗinsu. A nan gida kuma kin ga bambancin da idonki, sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris 2024 an binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, shugaban ƙasa ya je da kansa ya yi alƙawarin gidaje da karatun yara, kuma sun cancanta. Amma wanda ya faɗi shi kaɗai a wani ƙauye da ba kyamara, matarsa ita ke bin fayil da kuɗin motarta.

Toh ga abin da zan ce. Na farko, sunan yayansa a takarda ba ya mayar da kuɗin nasa, shi wakili ne da zai karɓa, dukiyar ta magada ce, ke da yaran da iyayen mamacin in suna raye. Ki fara da dattawan gidan a zauna a yi magana ta zumunci, in ya ƙi, kotun shari'a na raba irin wannan gadon. Na biyu, ki tattara komai wuri ɗaya, takardar shaidar rasuwa, lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa, shaidar aure, takardun haihuwar yara, hotuna, ki yi kwafi da yawa, kar ki taɓa miƙa na asali ki baro shi a teburin kowa, kuma duk takardar da kika kai ki sa a buga miki hatimin karɓa a kwafinki da kwanan wata. Haƙƙoƙin ba ɗaya ba ne, akwai garatuti, akwai kuɗin inshorar rai, akwai tsarin ɗaukar nauyin karatun yaran sojan da ya rasu a bakin aiki, kowanne hanyarsa daban, don haka in an ce miki ɗaya bai fito ba ki tambayi sauran. Ki koma bataliyarsa tunda daga can fayil ke tashi, ki nemi ƙungiyar matan sojoji ta barikin, sannan ki je ofishin Lijan na jiharku ki sa a rubuta sunanki, musamman yanzu da ake rabon abin da aka tara na tambari. Duk wanda ya ce ki kawo wani abu kafin ya tura fayil, ki rubuta ranar da abin da ya ce ki ajiye.

In za ki koma kar ki tafi ke kaɗai, ki samu wani abokin aikinsa da suka yi zama tare ko tsohon soja a dangi ya raka ki, sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ki tafi da babban yaron ma, shi ya riƙe fayil ɗin.